Kalilu Bai Iya Mutuwa Ba

Daga Daura har Kongolam, kai har ƙauyukan tsallaken iyaka, babu gidan da bai san muryar Kalilu ba. Da hantsi ya yi za ka ji ta tana fitowa daga shagon tela, daga rediyon da manomi ya rataye a reshen gawo, daga ɗakin tsohuwar da ba ta jin kiran jikokinta amma shi tana jin sa sarai. Sunan shirinsa Saƙo Ya Iso, na gaishe-gaishe da kiɗa. Ya yi shekara da shekaru yana sa faifai, yana gaida wanda ya aiko a gaishe shi, da wanda aka aiko a gaisar, da wanda ma ba ruwansa. Da aka ƙaddamar da shari'a, manyan gidan rediyon suka rage kiɗan har ya koma kamar gishiri a miyar mai hawan jini. Kalilu ya cike gurbin da baki. Bai sha wata wahala ba, dama bakin yana da rara.

Fuskarsa ce dai ba wanda ya sani. 'Yan unguwarsu a cikin garin Daura sun san ta, amma su ba sa cikin lissafi, don a wurinsu shi ɗan Maharazu mai ɗinkin hula ne da ya samu aikin surutu a Katsina. Gidan talabijin ya taɓa gayyatarsa hira. Ya ɗinka sabuwar shadda, ya yi ta sanarwa a shirinsa har mutane suka haddace, ranar kuwa aka ɗauke wuta a ƙasar Daura kaf, ba a dawo da ita ba sai da aka shiga tallar takin zamani.

In za a faɗi gaskiya, ba wata babbar asara jama'a suka yi ba. Kalilu gajere ne, da tumbi, da sanƙon da hula take rufa wa asiri, irin surar da yawancinmu muke wayar gari da ita bayan arba'in ba tare da mun nema ba. Amma tasa ce, kuma yana so a san ta.

Abin ya kai masa wuya ne wata Asabar, a motar haya, shi da matarsa Haulatu za su suna gidan yayarta a Zango. Direba ya kunna rediyo, sai ga maimaicin shirinsa. Wani dillalin shanu da ke gidan gaba, Badaru ake ce masa, ya ɗaga yatsa.

"Wannan da kuke ji abokina ne," in ji shi. "Dogo ne, fari, hanci har baka. In ya zo kasuwar Mai'aduwa sai ya sunkuya kafin ya shiga rumfata."

Kalilu yana can baya a matse tsakanin Haulatu da buhun gyaɗa. Ya gyara murya ya ce, "Malam, ni ne Kalilun."

Duk motar ta waiwayo. Aka dube shi daga hula har inda buhu ya bari a gani, sannan aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa mai raha. Shi kuwa ya kama kunne da hannun hagu kamar yadda yake yi a ɗakin watsa shiri, ya saki buɗewar da kowa ya sani: "Jama'a barkanmu da war haka, saƙo ya iso, mai saƙo ya iso."

Badaru ya jinjina kai. "Ka yi ƙoƙari, wallahi ka kusa. Amma tasa ta fi zurfi. Ka riƙa shan zuma da safe."

Har suka isa Zango Haulatu ba ta fito da fuskarta daga gyale ba, kafaɗunta ne kawai suke rawa.

Ana cikin haka Allah ya kawo Musaddiq, wani matashin darakta daga Kano, mai baƙin tabarau da jakar rataye. Ya same shi a ƙofar gidan rediyo ya durƙusa har ƙasa. Ya ce yana da fim, labarin wani attajiri ne da ya rasu ya bar 'ya'ya da rigimar gado, kuma ba wanda ya dace da attajirin sai Baba Kalilu. Yana faɗa yana kallon tumbin. Kalilu ya ɗauka girmamawa ce ta hana shi ɗago ido.

Haulatu ba ta yi murna ba. "Malam, a wannan zamanin da kowace Juma'a sai an yi wa 'yan fim huɗuba?"

"Ni ba rawa zan yi ba," in ji Kalilu. "Mutuwa zan yi."

"To, Allah ya sa a yi a sa'a."

Washegari ya sanar a Saƙo Ya Iso cewa masu sauraro sun kusa zama masu kallo. Kafin mako ya zagayo zaurensa ya cika. Masu aiko da gaisuwa a rediyo suka ga ai wannan ta fi, ga murya ga hoto. Mai faci daga Kongolam ya zo da kansa, ƙungiyar masu kabu-kabu ta Dutsi ta turo wakili, wata mai ƙosai ta aiko da ƙunshi mai zafi da sunan ɗanta da ke soja. Kalilu bai taɓa mayar da mai gaisuwa hannu rabbana ba, bai ga dalilin farawa yanzu ba. Ya yi wa kowa alkawari.

Akwai kuma wani abu da Musaddiq bai sani ba, don bai taɓa aikin rediyo ba. Ranar da Kalilu ya fara aiki, shugabansa na farko ya zaunar da shi ya ce duk laifin da zai yi a gidan nan ana iya yafewa, ya sa faifai a juye, ya kira mai rai marigayi, ban da guda ɗaya: kada ya kuskura makirfo yana buɗe a ji shiru. Domin da zarar an ji shiru, manomi a Dutsi zai ɗauka batir ne ya mutu, ya mari rediyon, in bai yi magana ba ya murɗa zuwa wata tasha, shi ke nan ka rasa shi. Wannan magana ta shiga jikin Kalilu ta zauna inda wasu suke ajiye tsoron maciji. Ko a gaisuwar mutuwa, in aka shafa fatiha aka yi tsit, sai ka ji ya ce, "Haka ne."

An yi ɗaukar fim ɗin a Zango, a gidan wani mai sayar da hatsi da ya ba da aron ɗakinsa mai gadon ƙarfe da labule ja. Mai unguwa ya ba da izini da sharaɗin a zauna da wani malami da zai sa ido kada namiji ya taɓa mace. Malamin ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, ya ɗauko carbi. Saboda haka Hasana, yarinyar da ta fito a 'yar attajirin, aka ajiye ta can gefen ɗaki ta yi kukan mahaifinta daga nesa, kamar mai tsoron ya shafa mata cutar. Aka jera 'yan dubiya a jikin bango. A cikinsu akwai wani Yazid, dogo, fari, hanci har baka, wanda ya daɗe a harkar fim ba a taɓa ba shi magana ba, don in ya buɗe baki sai ka rantse ɗan akuya ne aka take wa ƙafa. Aikinsa ya zauna ya yi kyau, kuma ya ƙware.

Aka kwantar da Kalilu, aka shafa masa hoda a leɓe don ya yi kama da mai jinya. Musaddiq ya yi bayani. "Baba, abu ne mai sauƙi. Za ka ce, 'Ku riƙe zumunci, ku ji tsoron Allah a kan dukiyar nan.' Sai ka yi salati, ka saki kai. Daga nan shiru. Shirun nan nake so ya yi tsawo, a nan zan sa kiɗan tausayi."

"Shiru," in ji Kalilu.

"Shiru, Baba."

Aka sauko da makirfo a kan doguwar gora har saitin goshinsa. Musaddiq ya ce akshin. Majinyacin da aka ce ya yi wata bai iya ɗaga cokali ba ya kai hannun hagu ya kama kunne, ya ɗaga kai ya fuskanci gorar, ya ba kyamara ƙeya.

"Kat. Baba, nan za ka kalla. Kuma a saki kunnen."

Aka sake. Wannan karon ya kalli inda aka ce. Muryar ta fito a raunane, da rawa a ƙarshenta. "Ku riƙe zumunci," in ji attajiri. "Ku ji tsoron Allah a kan dukiyar nan. Sannan ku gaishe min da Maliki mai faci a Kongolam, bakin shingen kwastan, da ɗaukacin 'yan kabu-kabu na Dutsi, musamman shugabansu..."

"Kat. Baba, wane ne Maliki?"

"Mai faci ne. Na yi masa alkawari."

"Ba ya cikin labarin."

"Ai wasiyya ce, ɗana. Mai mutuwa yana da ikon ya gaida wanda ya so."

Malamin da ke bakin ƙofa ya ce a shari'ance dai babu laifi. Musaddiq ya cire tabarau ya murza ido. Aka daidaita a kan za a rubuta sunayen a ƙarshen fim, tare da na waɗanda suka ba da aron tabarmi.

Aka sake. Ya yi wasiyya tsaf, ya yi salati, ya saki kai gefe. Ɗan attajiri ya ja mayafi ya rufe shi har ka. Hasana ta yi kukanta daga inda aka ajiye ta, ta kai ƙarshensa, ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit. Musaddiq ya ɗaga hannu yana nuna kada kowa ya motsa, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir.

A ƙarƙashin mayafin, Kalilu yana jin shirun yana hawa jikinsa kamar cinnaka. Ya san makirfo yana nan sama da kansa, a buɗe. Ya dantse leɓe. Ya tuna Badaru da motar Zango, ya ce wa ransa daure. Sai ya hango manomin nan na Dutsi ya ajiye fartanya, ya nufi reshen gawo, ya ɗaga hannu zai mari rediyo.

"Har yanzu dai kuna tare da mu," in ji gawa, "kada a murɗa ko'ina."

Hasana ta zabura ta yi waje, ta tsallake malam da buzunsa ba tare da ta taɓa shi ba, abin da malamin ya yaba daga baya. 'Yan dubiya suka kwanta a jikin bango suna dariya. Yazid kaɗai bai yi ba, don ya san abin da zai fito in ya yi.

Haka aka wuni. Aka ce ya riƙa salati a zuci, salatin ya fito fili. Aka sa masa goro a baki, ya cinye, ya yi godiya ga wanda ya bayar, har da sunan unguwarsu. Aka janye makirfon waje don ya daina ganin sa, sai gawa ta leƙo daga mayafi tana tambaya ko an tafi talla ne. Da la'asar ta gabato, mai hatsi ya aiko a tambaya ko mutumin ya mutu, don matarsa tana son ɗakinta.

Musaddiq ya zauna a bakin gado. Ya daɗe yana kallon bango, inda Yazid yake zaune bai ko gyara zama ba tun azahar. Sannan ya yi murmushi.

"Baba, ya yi. Mun samu abin da muke so. Sauran aikin na editin ne, wato tace hoto."

"Na mutu ke nan?"

"Ka mutu, Baba. Allah ya ba da lada."

Bayan 'yan kwanaki Musaddiq ya kira shi Kano, ya ce iska ta ɓata sautin, sai an sake ɗora murya. Wannan kam fagen Kalilu ne: ƙaramin ɗaki, katifa a bango, makirfo a gaba, ba mai ce masa ya saki kunne. Ya karanta maganganun attajiri tun daga farkon fim har wasiyya, har sai da mai na'urar ya share hawaye da hularsa. Da ya ce a nuna masa hoton, aka ce kwamfuta tana hutawa.

Ranar da kaset ya fito, Kalilu ya aro janareto, ya fito da talabijin tsakar gida bayan sallar la'asar. Unguwa ta taru, maza a kan tabarmi, mata a bakin ƙofofi. Kaset ɗin a leda aka kawo shi, ba kwali, Musaddiq ya ce kwalayen suna wurin masu bugawa. Sunan Kalilu ne ya fara fitowa, da manyan baƙaƙe masu walƙiya, aka yi tafi. Sai ga mota ta tsaya a ƙofar wani gida, aka buɗe, attajiri ya fito, ya yi ta fitowa, kamar ba zai ƙare ba. Dogo, fari, da furfurar hoda a gemu. Ya buɗe baki ya ce a shigo da kaya, muryar Kalilu ta cika tsakar gidan.

Kowa ya ƙura wa talabijin ido. Kalilu ma, abin mamaki, bai ce haka ne ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ta goya shi yana jariri, ita ta fara magana. Ta dubi talabijin, ta dube shi, ta sake duban talabijin. "Ikon Allah. Ashe haka na'urar nan take gyara mutum. Kalilu, har da hanci suka ƙara maka."

"Ai Turawa ba su bar komai ba," in ji wani daga tabarma. "Ja ake yi a kwamfuta, sai mutum ya miƙe."

Da haka unguwa ta samu mafita, kowa ya huta. Aka ci gaba da kallo ana yaba masa. Da aka zo mutuwar, attajiri ya yi wasiyya da muryar Kalilu, ya saki kai, aka rufe shi, ya yi shiru mai tsawo, mai kyau, kiɗan tausayi yana bi ta kansa. Mata suka yi ta sharar hawaye. Tsohuwar ta ce ba ta taɓa sanin yaron nan yana da natsuwa haka ba.

Da gari ya waye Kalilu ya je shagon buga waya ya kira Musaddiq.

"Ɗana, wane ne wancan?"

"Kai ne, Baba. Sunanka ne, muryarka ce. Fuska kawai muka aro."

"Ai don fuskar na zo."

"Baba, mun gwada taka, ta ƙi mutuwa. Kuma masu kallo ba wanda ya yi ƙorafi. Kaset har Maraɗi ake nema. Ina ma shirin na biyu, za mu dawo da kai a mafarki."

"Ni ko shi?"

"Ku biyun, Baba, kamar yadda aka saba."

Fim ɗin ya karɓu, ba a magana. Gidan talabijin ya sake aiko masa da gayyata, a zo a tattauna da sabon jarumi. Ya ciro shaddar nan daga ƙasan akwati, ya je. Mai gadi ya tare shi a ƙofa, ya ce shi ya kalli fim ɗin har ya gaji, ya san Kalilu kamar yunwar cikinsa, in almajirinsa ne ya zauna a benci ya jira maigidan ya iso. Kafin a samu wanda zai fito ya shaide shi, lokacin shirin ya wuce, an sa wa'azi a madadinsa.

Da kaka ta yi, wata hidimar ta sake kai su Zango, shi da Haulatu. Suka shiga mota a tasha, aka ba su baya. A jikin gilashin, daidai kan Kalilu, direba ya manna fostar fim ɗin: Yazid da gemun hoda yana kallon nesa, a ƙasa an rubuta Kalilu Saƙo Ya Iso. A gidan gaba kuwa, wa za a gani in ba Badaru ba, da sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Ba a fita gari ba ya fara. "Kun ga wancan? Abokina ne. Tun kafin ya shiga fim nake gaya wa mutane kamanninsa, wasu suna musu. To ga shi nan, hoto ba ya ƙarya." Ya waiwayo don ya nuna fostar da kyau, idonsa ya sauka a kan mutumin da ke ƙarƙashinta. Fuskarsa ta washe.

"A'a, mai kwaikwayo. Kai ne? Jama'a, wannan bawan Allah ya iya muryar Kalilu kamar me. Ka sha zumar kuwa? Yi mana kaɗan mu ji. Direba, rage rediyon nan."

Direba ya kashe rediyon gaba ɗaya. Motar ta yi tsit, kowa ya juyo yana jira.

Kalilu ya dubi Badaru. Ya ɗaga kai ya dubi hancin da ke manne a gilashi. Hannunsa na hagu ya taso zai kama kunne, ya mayar da shi kan gwiwa ya danne da na dama. Bai ce komai ba. Aka wuce gonakin gero da aka girbe, aka wuce masu kabu-kabu da buhuna a baya, aka tsaya aka sauke wata mata da kajinta, aka tashi. Badaru ya gaji da jira ya ce wataƙila mura yake yi. Direba ya manta bai sake kunna rediyon ba. Shirun ya yi tsawo, ya yi kyau, ba abin da ya rasa sai kiɗan tausayi.

Da suka sauka a Zango, Haulatu ta gyara gyalenta, ta karɓi ƙunshin kayanta daga hannun direba. Sai da motar ta juya ta dubi mijinta.

"Malam, da ka yi irin wannan a gidan mai hatsi, da yanzu kai ne a gilashin."

Kalilu ya bi motar da kallo, fuskar Yazid tana ƙanƙancewa a bayanta.

"Haka ne," in ji shi.